Aure Ne Kaɗai Girma? Littattafan Tasowa a Kunnen 'Yan Zango

A Nima da Mamobi, littafin Hausa ta kunne yake shiga. Yaron da aka haifa a Zango yakan tashi da Hausa a bakinsa, ya koyi baƙaƙen Larabci a makarantar allo, ya koyi na Turanci a boko, amma babu ajin da aka taɓa zaunar da shi aka nuna masa bambancin k da ƙ. Harsunan gida goma sha ɗaya gwamnatin Ghana ta ɗauki nauyin koyarwa a makarantu, ciki har da Tuwi da Ga da Ewe da Dagbani. Babu Hausa a cikinsu, duk da cewa gidan rediyon gwamnati ya daɗe yana watsa labarai da ita. Shi ya sa idan ka leƙa shagon ɗinki ko wurin kitso, da wuya ka ga littafi a hannun wata. Waya za ka gani an jingina da gwangwanin allura, wata murya daga YouTube tana karanto labarin da aka rubuta a Kano ko Kaduna, keke na ta ƙara, kowa ya kasa kunne.

Labaran da suka fi riƙe waɗannan masu sauraro su ne na tasowa, wato waɗanda ke ɗauko yarinya ko yaro tun daga ƙuruciya su raka shi har ya mallaki hankalinsa. Mu da muke aikin rediyo mun san haka daga kiran waya. Ka kawo zancen siyasa, dattawa ne za su bugo. Ka taɓo labarin wata marainiya da ta tashi a hannun kishiyar uwa, layi ba zai huta ba har a rufe shiri. Tunda abin ya samu shiga haka, ya cancanci a tambaye shi abu biyu: me waɗannan littattafai suke ɗauka a matsayin girma, kuma shin mudun da suke awo da shi zai auna ɗan Zango?

Inda aka faro

Labarin tasowa tare ya zo da ƙagaggen labarin Hausa na boko. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubutu, aka samu littattafai biyar da har yau ake karantawa. Biyu daga cikinsu sun shafi maganarmu.

Na farko shi ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. An sace Umar yana ƙarami, ya faɗa hannun wani Balarabe mai suna Abdulkarim wanda ya riƙe shi kamar ɗa, aka ƙetare Sahara da shi, ya yi karatu ya zama malami. Mahaifiyarsa ta fita nemansa, ita ma ta faɗa bauta, ba su sadu ba sai dab da rasuwarta. Abin lura shi ne yadda aka buɗe labarin: almajiransa ne suka nemi sanin asalinsa, shi kuma ya zauna ya ba su tarihi. Duk ɗan Zango ya san nauyin wannan tambaya, domin da ita muke kwana muke tashi. Sai dai littafin yana da rauni ɗaya idan aka auna shi da ma'aunin tasowa. Umar ba ya zaɓar komai. Ana ɗaukarsa ne ana ajiyewa, shi kuma yana haƙuri. Mun ga ya tara ilmi, amma ba mu ga ranar da zuciyarsa ta rabu biyu ya rasa wadda zai bi ba. Mahaifiyarsa ce ta yanke shawara ta kanta, ta bar gida ta bi sawun ɗanta, shi ya sa ita ce ke tsayawa a ran mai karatu bayan an rufe littafin.

Na biyu shi ne Jiki Magayi, wanda John Tafida ya rubuta tare da East. A can wani attajiri, Malam Shehu, ya yi amfani da dukiya ya aure Zainabu daga hannun masoyinta Abubakar, shi kuma Abubakar ya shiga duniya neman abin da zai rama da shi. Wanda ya biya bashin shi ne Kyauta, ɗan da aka haifa a wannan aure, wanda ya tashi ɓarawo har ya zama sanadin ajalin ubansa. Shi ma an gama rubuta masa makoma tun kafin a yanke masa cibiya. A waɗannan littattafai biyu, ƙaddara ce ke renon yaro, nagari ya zama ko mugu.

Ranar da yarinya ta ce a'a

Wanda ya canza wannan fasali shi ne adabin da ya ɓarke a Kano daga tsakiyar shekarun 1980, wanda masu raina shi suka laƙaba wa adabin kasuwa. Marubutan sun buga da kuɗinsu, sun sayar a tasha da bakin kasuwa, kuma da yawansu mata ne. Da su ne yarinya ta fara buɗe baki a cikin labari.

A ganina, har yau Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, shi ne zakaran gwajin dafin labarin tasowa a Hausa. An cire Abu daga makaranta tana 'yar shekara goma sha uku. Ɗan'uwanta Amadu, wanda aka tsara za ta aura, ya je birni ya yi karatu ya dawo ya ƙi ta saboda ba ta da ilmi. Aka ɗaura mata aure da Sarkin Noma, sa'an ubanta. Ta gudu Kano wurin gwaggonta, ta koma karatu, ta zama ma'aikaciyar jinya. Marubuciyar ta san abin da take faɗa, domin ita ma an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama. Ƙarfin littafin yana cikin tsawon tafiyar. Abu ba ta farka wata safiya ta tsinci kanta a gidan sarki ba. Shekaru ta yi tana karatu a gidan da ba na ubanta ba, kuma abin da ta samu a ƙarshe sana'a ce da ba mai iya sakinta daga ita da takarda ɗaya. Aure yana cikin labarin, amma sai da ta tsaya da ƙafarta ya zama abin da za ta duba ta karɓa ko ta ƙi.

A ajiye shi kusa da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, na farkon shekarun 1990, wanda ya yi farin jinin da ba a saba gani ba. Sumayya 'yar masu hali ta ƙi attajirin da aka zaɓa mata saboda Muhammad talaka, har ta faɗa rijiya. Littafin ya yi aiki babba wajen tayar da muhawara a kan auren dole, ba mai ƙwace masa wannan. To amma a tambayi kai: me Sumayya ta sani a shafin ƙarshe wanda ba ta sani ba a na farko? Da so ta shigo, da so ta fita. Iyayenta ne suka karaya suka sauko. Wannan labarin dagewa ne, kuma dagewa daban take da girma. Abin takaici, hanyar Sumayya mafi yawan marubutan baya suka bi, suka bar ta Abu ta yi ciyawa.

Abin da waya ta zo da shi

Yau littattafan da ke isowa Nima ba sa biyo motar goro. A WhatsApp da Wattpad ake sakin su shafi-shafi, a ba ka na ɗanɗano kyauta, sauran ka tura kuɗi a saka ka a rukuni, daga baya wani ya karanta a YouTube. Wannan tsari ya buɗe wa mata da yawa ƙofar samun na kansu ba tare da sun roƙi maɗaba'a ba, kuma abin a yaba ne. Amma tsarin sayarwa yana sassaƙa labari. Marubuciyar da dole ta saki shafi kullum, kuma dole kowane shafi ya ƙare a inda zai hana barci, ba ta da sararin nuna yadda hankali ke nuna a hankali kamar mangwaro a bishiya. Abin da take da shi shi ne mamaki bayan mamaki: hatsarin mota, mancewar tunani, takardar gwajin jini da ta tona cewa mai aikin gidan 'yar attajiri ce da aka sace tun tana jaririya.

Duk mai sauraro ya san zubin. Yarinya 'yar ƙauye, kyakkyawa, fara, mai dogon gashi, ta sha wuya a hannun dangi. Sai ga wani matashi, soja ne ko likita ko ɗan sarki, miskili mai tsananin kuɗi, ya wulaƙanta ta na tsawon shafi tamanin, sannan ya gane ba zai rayu ba sai da ita. A rufe da biki a Abuja da hutu a Dubai. Laifin wannan zubi a wurina guda biyu ne. Na farko, yana koya wa yarinya cewa wulaƙanci share fagen so ne, wanda ya fi gallaza maka shi zai fi riritaka. Na biyu, yana mayar da girma abin da ake yi wa mutum kyauta. Ta shiga labari ba ta da ta cewa a gidan kawu, ta fita ba ta da ta cewa a gidan miji, an dai canza mata labule da kujeru.

Za a ce ai nishaɗi ne, wadda ta wuni a kan keke ko a bakin tukunyar wake da shinkafa tana da haƙƙin ta yi mafarki. Gaskiya ne, kuma ba na cikin masu cewa a hana. An gwada hanawa a Kano, har an ƙona littattafai a 2007, rubutu bai tsaya ba. Amma mafarkin da ake maimaita wa 'yar shekara goma sha shida kullum yakan zama ma'aunin da take auna rayuwarta da shi. A unguwar da dillalai ke yawo suna yi wa 'yan mata alkawarin aikatau a ƙasashen Larabawa, har ta kai gwamnatin Ghana ta dakatar da wannan ɗauka a 2017 saboda rahotannin cin zarafi, labarin da ke cewa ceto yana zuwa ne daga baƙo mai kuɗi ba wasa ba ne.

Sannan ina samarin? A mafi yawan waɗannan littattafai namiji a gine yake shigowa, da gemunsa da makullin motarsa. Ba a nuna mana shi yana ɗan shekara goma sha huɗu, aljihu wayam, yana jin kunyar takalminsa. Wanda ya ɗauki wannan yaro da gaske a 'yan shekarun nan shi ne Elnathan John a Born on a Tuesday na 2015, labarin almajiri Ɗantala da ya faɗa hannun 'yan bangar siyasa kafin ya samu mafaka a wani masallaci a Sakkwato. Da Turanci aka rubuta shi.

Namu, amma da bakin wasu

Haka abin yake idan muka dawo gida. Marubucin da ya fi kowa kusantar rayuwar Zango a ƙagaggen labari shi ne Mohammed Naseehu Ali, haifaffen Kumasi a 1971, wanda ya tafi Amurka yana matashi. Tarin gajerun labaransa, The Prophet of Zongo Street, ya fito a 2005. A labarin da littafin ya ci sunansa, wani yaro ne ke ba da labarin maƙwabcinsu Kumi, mutum mai tarin littattafai, wanda ya jawo shi jiki ya cusa masa tambayoyi, daga baya ya fito titi yana wa'azin da jama'a suka ɗauka taɓin hankali ne. Ba aure a ƙarshen labarin, ba dukiya. Yaro ne ya ga babban da yake girmamawa ya rushe a gaban idonsa, aka bar shi da tambayoyin da ba wanda zai amsa masa. Ko mutum bai yarda da ra'ayin Kumi ba, kuma da yawanmu ba za mu yarda ba, dole ya sallama cewa haka girma yake zuwa wa yawancin mutane: ranar da ka gane manya ma laluben hanya suke yi. A cikin littafin akwai Malam Sile mai shayi, wanda 'yan unguwa suka raina suna cin bashinsa. Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi a Mamobi zai ce ya san shi.

Akwai kuma The Kaya-Girl na Mamle Wolo, labarin abota tsakanin Abena 'yar masu hali da Faiza, yarinya Musulma daga arewacin Ghana da ke dako a kasuwar Makola. Littafi ne mai tausayi, kuma ya sa yaran makarantu sun kalli 'yan dakon da suke wucewa kullum da wani ido. Amma da bakin Abena aka ba da labarin. Faiza ana kallonta ne, ana sonta, ana mamakin hankalinta. Kalmar kayayo kanta rabinta namu ne, kaya daga Hausa, yo daga harshen Ga, amma muryar mai ɗauke da kayan ba ita ke jan ragamar labarin ba.

Ga inda muka tsaya ke nan. Littattafan da ke magana da harshenmu ba su san unguwarmu ba, waɗanda suka san unguwarmu kuma ba sa magana da harshenmu. Tela a Nima tana iya zana maka Nasarawa GRA ta Kano daga abin da ta ji, amma ba ta taɓa jin an ambaci babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Mamobi a cikin labari ba.

Kayan da ke jibge a ƙofar gida

Ba rashin abin faɗa ne ya hana ba. Tasowa a Zango tana da jarrabawar da Kano ba ta sani ba. Yaron Kano ba ya zuwa ofis a dubi sunansa a tambaye shi garin kakansa kafin a ba shi katin ɗan ƙasa. Ɗan Zango yana fuskantar wannan, ko da kakan nasa ya riga tutar Ghana zama a Akara. Malam Bako ya kafa Sabon Zango tun farkon ƙarni na 20, Nima ta fara cika a shekarun 1930 a filin da Malam Futa ya samu daga mutanen Osu. Amma a Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su fice, aka raba gidaje da yawa gida biyu, wasu suka hau mota zuwa ƙasar da ba su taɓa gani ba. Waɗanda suke yara a lokacin suna nan da ransu, su ne kakanninmu. Yarinyar da ta ga an loda ƙawarta a babbar mota a wannan shekara, ai ranar ta girma, ba ranar da aka sa mata lalle ba.

Na yau ma suna da nasu. Akwai yaron da ke tashi da asuba ya yi tilawa, ya wuni a boko, ya dawo ya taya uwarsa sayar da koko da ƙosai, kuma a kowane wuri da harshe daban ake yi masa faɗa. Akwai wanda ya gama sakandare kyauta, tsarin da aka fara a 2017, ya dawo ya zauna a majalisar shayi yana lissafin kuɗin hanyar Agadas zuwa Libiya. Akwai dubban da ke buga ƙwallo a fili mai ƙura saboda Mohammed Kudus ya fito daga Nima ya kai Ajax da Ingila, alhali kowa ya san ƙofar ba ta ɗaukar mutum dubu. Labarin wanda bai tsallake ba, ya dawo yana ɗan shekara ashirin da uku da gwiwa a kumbure ya fara koyon gyaran babur, ya fi na Kudus buƙatar marubuci, don na Kudus jaridu sun riga sun rubuta. Sannan akwai gidan haya na Zango, inda Bahaushe da Bazabarme da Bamoshe da Kotokoli da Bayarabe ke layin famfo ɗaya, 'ya'yansu duk suna Hausa, amma ranar neman aure kowa ya tuno asalinsa. Marubucin da ya rasa rikici a nan bai buɗe ido ba.

Saura maganar harshe, wadda na san ita ke ɗaure wa da yawa hannu. Hausarmu ta Ghana ba ta cika rarrabe namiji da mace ba, mukan ce yarinya ya zo, mukan surka da Tuwi da Ga da Turanci, kuma an daɗe ana mana dariya a kai har muka yarda cewa ba ta isa shiga littafi ba. Shawarata ita ce marubuci ya riƙe daidaitacciyar Hausa a bakin mai ba da labari domin na Katsina da na Maraɗi su bi shi, amma ya bar mutanen cikin labarin su yi magana yadda suke yi a Kasuwan Mamudu ranar Laraba. Idan uwa a Nima ta buɗe baki ta yi Kananci, mai sauraro zai gane ƙarya ce tun kafin a kai aya. Kuma tunda ta kunne littafi ke shigo mana, wannan dama ce: wanda bai gama ƙwarewa a ƙa'idar rubutu ba yana iya tsara labarinsa babi-babi ya karanta da muryarsa, a gyara rubutun daga baya. Mu masu rediyo ma da laifinmu, domin mun fi son ɗauko wanda ya riga ya yi suna a Najeriya a kan mu ba ɗan unguwa minti goma sha biyar.

Kada kuma wani ya ce rubutun Hausa baƙo ne a ƙasar nan. Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna a Salaga, ya koma Kete Karaci bayan yaƙin 1892, ya yi ta rubuta waƙoƙi da Hausa da Larabci a kan talauci da zuwan Turawa har ya rasu a 1934, daidai lokacin da littattafan gasar Zariya ke fitowa. Da ajami ya rubuta, a nan ƙasar, game da abin da idonsa ya gani.

Ban ce a daina sauraron na Kano ba. Ni ma ina saurare, kuma wanda bai karanta Wa Zai Auri Jahila? ba ina ba shi shawara ya nema. Abin da nake roƙo shi ne duk littafin tasowa da aka kunna mana, idan ya ƙare mu tambaye shi: me yarinyar nan ta iya yanzu wanda da ba ta iya ba, kuma wace shawara ta yanke da kanta ta ɗauki nauyin abin da ya biyo baya? Idan amsar ita ce ta samu miji kawai, to an ba mu labarin biki. Ga 'yan'uwana mata masu sha'awar rubutu kuma, BBC Hausa tana gudanar da gasar Hikayata tun 2016, ana karanta labaran da suka yi fice a rediyo duniya na ji. Gajeren labari ake nema. A fara da shi, a sa sunan layin gidanku a ciki.